Izgar Dokin Babana

Jiya na shiga shagon ɗana a Aboabo, na tarar da gogena rataye a bango, an shafe shi da fenti, an ɗaura masa wayar birkin keke. Na ce, "Ina izgar?" Ya ce, "Baba, ai tsohon gashi ne, na haɗa da shara."

Tsohon gashi!

Dattijon da ya yi gogen nan maƙwabcinmu ne. Shekarar da aka samu 'yancin kai, mutane na ta zuwa ya yi musu mai launin tuta, yana korar su. Cewa yake, "Ni ba ado nake bayarwa ba, murya nake bayarwa."

A shekarar babana ya rasu, aka sayar da dokinsa. Ashe kafin a tafi da shi, dattijon ya yanko izga a wutsiyarsa. Wata rana ya kira ni zaurensa mai ƙarnin fatar guza da ƙamshin ƙaro. Ya yi ta ɗaure tsirkiyar yana sassautawa, yana kasa kunne, har sautin ya yi kauri ya dushe, kamar babana in ya dawo daga gona yana kirana. Ya ɗora min a cinya, ya ce, "Naka ne, ɗana."

Yau na ja wayar nan, sai ƙara kamar ƙofar kwano.

Allah ya haskaka kabarin dattijon nan. Ni kuma Allah ya sanyaya min zuciya kafin in sake haɗa ido da wanda ya share muryar kakansa da tsintsiya.