Katakon Riƙon Wuri

A ƙarƙashin benen ɗakin karatu na jami'ar akwai wani ɗaki mai taga ɗaya. Tagar daidai da ƙasa take, ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. A nan Mai Allura ya ƙarar da ƙuruciyarsa har furfura ta cim masa. Da takalma yake gane lokaci. In ya ga sababbi fil suna sauri suna tuntuɓe, an ɗebi sababbin ɗalibai ke nan. In ya ga silifa suna jan ƙasa kamar masu su ba su yi barci ba, jarrabawa ta matso.

Ɗinkin littattafai ne aikinsa. Wanda bangonsa ya ɓalle, da wanda zarensa ya ruɓe, da wanda gara ta ɗanɗana, duk wurinsa ake sauko da su. A kan teburinsa akwai gwangwanin gam, da zare mai kakin zuma, da wani ɗan ƙashi mai santsi da yake lanƙwasa takarda da shi. Mahaifinsa tela ne, a hannunsa ya koyi riƙon allura. Yakan ce tsoho ya tufatar da mutane, shi kuma littattafai suka faɗo a rabonsa, kuma ya fi tsoho sa'a, don nasa ba sa cewa wuya ya matse.

Karatunsa bai yi nisa ba, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. Amma akwai wata kanta a lungun hawa na biyu da ya ɗauka kamar danginsa: kantar tsofaffin littattafan tarihin lissafi. Ba ya jin harsunan da aka rubuta yawancinsu, sai ya raɗa musu suna. Akwai Mai Gemu, saboda hoton wani dattijo a shafin farko. Akwai Mai Tari, wanda duk aka buɗe shi sai ƙurarsa ta sa an yi tari. Akwai Tagwaye. Akwai kuma Tsohuwa, mai koren bango, wadda takardunta suka yi laushi kamar fatar hannun kaka. Kowanne ya ratsa ta hannunsa, wani ma ba sau ɗaya ba.

In ya makara wajen komawa gida matarsa takan ce, "Yau ma Tsohuwa ce ta riƙe ka? To ka gaishe ta, ka ce mata yaran gidan nan ma bangonsu ya ɓalle."

Yana da wata ɗabi'a da babu wanda ya koya masa. Duk littafin da ya ɗauko daga kanta zai gyara, sai ya sa guntun katako mai kaurinsa a gurbin, don kada a cushe wurin da wani. Duk wanda ya ga katako ya san mai wurin yana ƙasa ana yi masa magani, kuma zai dawo.

Katakon nan ne ya kawo masa wani ɗalibi ramamme, wanda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya sauko da katakon a hannu yana cewa, "Baba, wai littafin ne ya rikiɗa, ko idona ne?"

Da Mai Allura ya yi masa bayani, sai ɗalibin ya kwashe da dariya har ya dafa bango.

"Baba, ai sifili ka ƙirƙiro!"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ai shi malamanmu suke ba ni a makaranta."

Ɗalibin ya jawo wata 'yar kujera ya zauna, ya buɗe Mai Gemu da ke kwance a tebur ba bango. Ya ce a cikinsa aka ba da labarin mutanen da, waɗanda in suna rubuta lamba suka zo inda babu komai sai su bar gurbi. Gurbin kuwa yakan ɓace a hannun mai kwafa, ƙaramar lamba ta rikice da babba. Sai aka sami wanda ya ɗiga wata 'yar alama a wurin.

"Ita ba komai ba ce, Baba. Abin da take cewa kawai, nan wurin wani ne, kada a taɓa."

Mai Allura ya daɗe yana kallon katakon. Daga ranar ya sa wa ɗalibin suna Sifili, kujerar nan kuma ta zama tasa. A kanta yake karatu in sama ta cika, a kanta yake shan shayin Mai Allura yana kushe shi, a kanta ya yi kuka ranar da aka aiko masa mahaifiyarsa ta rasu. Matar Mai Allura ta riƙa ƙara hannu a abincin rana tana cewa, "Ka kai wa wannan tsinken, kada iska ta ɗauke shi." Kundin digirinsa ma Mai Allura ne ya ɗinka shi. Da Sifili ya tafi ƙaro karatu wata ƙasa, sai Mai Allura ya ɗora katako a kan kujerar. Ɗakin ƙunci ne da shi, littattafai har ƙasa, amma bai taɓa yarda a ajiye ko takarda a kanta ba.

Sifili ya dawo da ƙiba da tabarau. Ya zama Dakta, ya zama Farfesa, masu ce masa ranka ya daɗe suka yi yawa. Saukowarsa ƙasa ta ragu, amma in ya sauko yakan ɗauke katakon da kansa ya zauna, Mai Allura ya ce, "Sifili, wannan tumbin fa?" shi kuma ya ce, "Gurbi ne na cike, Baba."

Wata safiya, bayan an ba shi shugabancin kwamitin ɗakin karatu, takalmansa masu ƙyalli suka gifta ta taga.

"Baba, albishirinka. Mutanenka za su shiga duniya."

Ya ce an kawo injin da zai ɗauki hoton kowane shafi a zuba a kwamfuta, ɗalibin da ke ƙarshen duniya ma ya karanta. Da kantar lungu za a fara. "Kai ka san su. Kai za ka haɗo mana su, kada a bar ko ɗaya."

"Za su dawo?"

"Haba, Baba."

"Na ce za su dawo?"

"Za su dawo mana," in ji Farfesa, idonsa a kan taga.

Mai Allura ya yi kwanaki yana shirya su kamar masu tafiya baƙunta. Ya goge ƙura shafi-shafi. Ya sake wa Tsohuwa gam a gadon baya, don kada a ce daga gidan da ba a kula ta fito. Katakonsa bai isa ba, sai da ya je wurin kafintan jami'a ya roƙi ragowar yanka. Ya tura littattafan a amalanke da kansa har ƙofar sabon ɗakin da aka girka injin, ya dawo ya jera katako daga wannan ƙarshen kanta zuwa wancan.

Damina ta zo ta wuce. Katakon ya yi ƙura, ya hau ya goge. In ya tambaya a ce aiki ne mai yawa.

Ran nan wuƙar yankan takardarsa ta dakushe, aka ce masa ai sabon ɗakin akwai injin yanka. Ya hau da littafi a hammata. Wata ma'aikaciya ce a ciki, mai fara'a, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba, bari in gama wannan." Ta tura wani littafi ƙarƙashin wuƙa, ta danna. Gadon bayan ya faɗa cikin wani babban kwando, siriri, da zarensa da komai.

Ya leƙa kwandon. Ya sa hannu ya tona, can ƙasa ya ga kore. Ya juya shi, ga ƙullinsa nan, irin wanda mahaifinsa yake yi a bakin aljihu. Gam ɗin da ya sa wa Tsohuwa ko dushewa bai yi ba.

"'Yata, wannan fa?"

"Ai injin ba ya cin littafi a ɗinke, Baba. Ganye-ganye yake sha, sai an sare bayan."

"In ya gama sha fa?"

"Sai a ɗaure, motar masu sarrafa takarda ta kwashe. Tun ranar farko haka Farfesa ya tsara. Kantocin ma cire su za a yi a sa tebura." Ta dube shi. "Baba, ko in kawo maka ruwa?"

Bai sha ruwa ba. Ya roƙe ta abin da ke cikin kwandon, ya tattara a gaban rigarsa ya sauka.

Kafin la'asar Farfesa ya sauko, da alama labari ya kai masa. Ya tarar da sararrun bayan littattafan a shimfiɗe a kan tebur, an jera su yadda suke a kanta. Ya ciro wayarsa da sauri, ya shafa, sai ga fuskar Mai Gemu tana haske.

"Dube shi, Baba, bai mutu ba. Shekara nawa ba wanda ya are su? Danshi yana cinsu, kai ma ka sani. Yanzu ko gobara ba ta isa ba."

"Na gan shi. Ya yi kyau."

"Da na gaya maka, da ka ɓoye su."

"Da na ɓoye."

"To ka gani."

"Da na ɓoye, ka zo ka ƙwace, mu yi faɗa, in yi fushi in huce. Ai ka isa, kai ne shugaba." Muryarsa ba ta tashi ba. "Amma ka bar ni na yi musu kwalliya. Ka bar ni na tura su da hannuna. Katakon nan tun da nake sa shi bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Wata da watanni yana can sama yana gaya wa yara za su dawo."

Farfesa ya kai hannu zai ɗauke katakon da ke kan kujera ya zauna. Mai Allura ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwansa, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, Farfesa. Akwai wani aikin da za a yi?"

"Baba, ni ne fa. Sifili."

"A huta lafiya, ranka ya daɗe."

Farfesa ya tsaya da hannu a miƙe, sannan ya mai da shi aljihu. Takalman suka gifta ta taga a hankali.

Washegari Mai Allura bai jira masu cire kanta ba. Ya hau da amalanke ya kwashe katakon duka, ya bar kantar wayam, kowa ya ga abin da ke akwai. Da ya sauko ya rasa inda zai zuba su, ɗakin ya cika. Ya dubi kujerar. Ya ɗauke katakon da ke kanta ya jefa cikin sauran, ya ɗora gwangwanin gam a wurin, da tarin littattafan da ke jiran allura.

Bai daɗe ba ya yi ritaya. Farfesa yakan aiko da gaisuwa, matar Mai Allura ta isar, ta ƙara da cewa, "Ko don kujerar nan ka ce wani abu mana, Malam."

Shi kuwa sai ya ce, "Ki ce ina amsawa."