Ƙulli Uku a Ƙyallen Malam

Yaushe Malam ya auna Auta? Na tambaye ta, ta rantse bai ɗora mata tef ba tun ɗinkin sallar da ya yi mata tana 'yar sakandare. Wata biyar ya yi a kwance, ko zama ba ya iyawa sai na tallafe shi. Amma ya bar mini ƙyallen shadda mai ƙulli uku, ya ce awonta ne. Har yau ban san lokacin da ya yi ba.

Ya Kaltume, ke da sauran 'yan'uwa na Nguru kun ce in ba ku labarin fitata ta farko bayan takaba. Ni ke faɗa, Auta ke bugawa. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya zo, ku yi haƙuri.

Ga abin da ya fitar da ni. Auta ta sami aikin amsa wa mutane saƙonni ta kwamfuta. Masu aikin sun ce ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma za su kira ta a waya mai hoto, su ga wurin aikinta: kwamfuta, tebur, wutar da ba ta yankewa. In babu, Litinin ta kama hanyar Abuja, ta zauna a ofishinsu. Har ta fara ninke kaya a jaka. Ni kuwa daga ita sai bangon gidan nan. Sai na tuna abin da Malam ya ce ran da ya ba ni ƙyallen: in aikin yarinyar nan ya fito, in kai wa Baba Rasaki kafinta. Ƙulli na farko kujera, na biyu tebur. Kafin ya faɗi na uku tari ya sarƙe shi, bai kuma komawa kan maganar ba.

Rijiyar Lemo

Ranar Asabar ɗin, muna idar da sallar asuba na buɗe shagon Malam na soro, wanda ban taɓa ƙofarsa ba tun ran da aka fita da shi. Ƙamshin man keke yana nan. Na tsaya na yi kukana, Auta ta bar ni na gama. Sannan muka kwance kan keken ɗinkin daga ƙafafunsa na ƙarfe, na naɗe shi a zanena. Shi za mu sayar, ƙafafun kuma su zama tebur.

Shida saura kwata muka sami adaidaita sahu a bakin titin Katsina. Direban dattijo ne, Bafulatani. Da ya ga tsagen fuskata sai ya washe baki.

"A'a, Babarbariya! Yau baiwata na ɗauko, kuɗi ya ƙaru."

Na ce, "Bawa ba ya yi wa uwargijiyarsa ciniki. Ɗaure kaya mu tafi."

Dariyar ta fito mini ban shirya ba, ita ce ta farko a wata huɗu da kwana goma, har na ji kunyarta. Muka yi shatar wuni da shi. Sunansa Malam Jauro.

Bayan Kurna masu kula da hanya suka tsayar da mu saboda ƙarfen da ya leƙo waje. Ɗaya ya leƙo, ya ga idona, ya tambayi Auta. Da ta gaya masa sai ya ce, "Allah ya jiƙansa, Inna. Direba, tura ƙarfen ciki ka wuce."

Fagge

Auta ta ce wayarta ta nuna kusan kilomita bakwai. Shida da rabi muna layin teloli, ba a gama buɗe shaguna ba. Muka sha koko da ƙosai na ɗari shida a bakin hanya. Wani tsohon almajirin ɗinkin Malam, wanda yanzu yake da nasa shagon, shi ya sayi kan keken. Bai yi ciniki ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce a kansa ya koyi ɗinkin aljihu. Na kawar da kai har aka shiga da shi ciki.

Baba Rasaki yana bayan layin. Iyayensa daga Ilori suka zo, amma shi a Fagge aka yanke cibiyarsa. Shekara talatin suna sahu ɗaya da Malam a masallaci. Da ya gan ni ya ajiye zarto, ya yi mini gaisuwa mai tsawo. Na miƙa masa ƙyallen, na faɗa masa abin da na sani.

"Mutumin nan! Yana kwance ma sai ya ba ni aiki. Kuma na san ba zai biya ba."

Ya share ido da bakin riga. Ya jawo wata tsohuwar kujerar katako mai majingina, ya shimfiɗa ƙyallen a ƙafarta, ya yi alama da fensir, ya ɗora zarto. Ina kallo, sai na ga abin bai yi mini ba.

Na ce, "Dakata, Baba Rasaki. Ta ina ka fara?"

"Ta baki mana, Hajiya."

"Wane bakin? Wannan yagaggen wuri ne. Malam ba ya fara awo daga inda aka yaga. Daga bakin saƙa yake farawa, ko a kan hular jariri ne."

Ya juya ƙyallen ya sake gwadawa. Da ya yanke a alamar farko, da kujerar ta koma ta tsugunno. Ya dubi Auta ya ce, "Kin ga uwarki? Ba ta san bihim ba, amma yau ta ceci kujera daga hannun kafinta."

Yatsa uku kawai ya rage wa ƙafafun. Auta ta zauna, tafin ƙafarta ya kwanta a ƙasa daram. Ƙafafun keken kuwa, da ya ɗora musu katako mai kaurin yatsa biyu, suka tsaya cif a ƙulli na biyu. Ya ce mu dawo ƙarfe biyu, zai goge katakon ya huda ramin wayoyi. Na uku kam ya juya shi, ya juya, ya ce ba na kafinta ba ne. Muka ɗora kujerar a adaidaita, ƙarfe tara da kwata muka tashi.

Sabon Gari

Tafiyar ba ta da nisa, amma cunkoso ya ci mana minti ashirin da biyar. Shago uku muka shiga. A biyu, da Auta ta faɗi abin da ke hannunmu, sai su nuna mana ƙofa da ladabi. Na uku na wata mata ce, Madam Uju, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar 'yar cikin gari.

Ta ce wa Auta, "Ƙanwata, bar kallon masu ƙyalli. Aikin me za ki yi, saƙo da kira? To tokumbo, wadda aka taɓa amfani da ita, ta ishe ki, in dai batirinta na da rai."

Ta fito da laftof mai tabo a murfi. Ta kunna, ta zare wayar wuta, ta ce mu zauna mu gani da idonmu. Muka zauna fiye da awa, Auta na danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, tana gwada idon hoto da abin magana. Madam Uju ta ƙara mana da abin sawa a kunne, da ɗan akwatin intanet, da wani batir mai girman bulo da zai riƙe su in an ɗauke wuta. Na tambayi sola, ta ce, "Mama, ba yau ba. In albashi ya shigo sau uku ku dawo."

Ina neman goro a jaka ƙyallen ya faɗo. Ta tambaya, na ba ta labari. Sai ta ce a shigo da kujerar. Ta zaunar da Auta, ta taka bakin saƙar da ƙafa, ta miƙar da ƙyallen sama. Ƙulli na uku ya tsaya daidai idon Auta.

"Mama, maigidanki ya taɓa aiki da kwamfuta?"

Na ce ko waya sai an danna masa.

"To ya san ido. Nan saman gilashin zai tsaya. In ya yi ƙasa, wuya ne zai biya."

Auta ta rufe fuska da mayafi. Ni ban ɓoye nawa kukan ba, a tsakiyar shagon mutane na yi shi. Madam Uju ta ce in an ɗaga laftof hannu ba zai kai ba, sai da kibod da maus na daban. Kuɗinmu ya tsaya a kibod. Ta jefa maus a leda ta ce na ta'aziyya ne, abin ɗagawa kuma kada mu saya, mu nemi akwati a gida.

Muka yi azahar a wani masallaci kusa, muka ci shinkafa da wake, har da Malam Jauro, wanda ya ce barkonon Barebari ne ya yi yawa.

Komawa

Ƙarfe biyu muna wurin Baba Rasaki, fenti bai bushe ba. Ya ce minti goma. Sai uku da rabi muka ɗaure teburin. Da na kawo maganar kuɗi ya ce in je in tambayi abokinsa. A titin Katsina wata babbar mota ta lalace, hanya ta toshe. Auta tana duba waya tana sake dubawa. Ta ce, "Inna, in bai yiwu ba, zan riƙa zuwa daga Abuja duk wata." Ni dai salati nake ta yi. Malam Jauro ya ce, "Ku riƙe kayanku," ya faɗa lungunan Kurna, ta gaban masu wanki da masu suya, har ya fito da mu bayan layinmu. Biyar saura minti ashirin.

Muka kafa teburin a shagon Malam, taga a gefen hagu don kada haske ya daki gilashin. Akwatin zarensa na katako muka sa a ƙarƙashin laftof, da littafin awo guda biyu, ya kai ƙullin. Babu wuta a unguwa, batirin ya ɗauka. Ƙarfe biyar da minti biyu wayar ta yi ƙara. Wata mata ce ta fito a gilashi, suka yi Turanci, Auta ta zagaya da wayar ɗakin. Ni ina bakin ƙofa na riƙe labule. Na ga matar ta nuna wani abu tana dariya. Ashe fedar keken ta gani, inda Auta ke ɗora ƙafa. Da aka kashe, Auta ta juyo ta ce, "Inna, a kwance jaka."

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Baba Rasaki da Madam Uju da bawana Malam Jauro. Ku ma na gode da addu'a.

Saura abu ɗaya, kuma Auta ba ta taɓa ji ba sai yanzu da take bugawa. Kar ki tsaya, Auta, rubuta. Safiyar da zai tafi, kina tsakar gida a kan tabarma, kin duƙufa a kan kwamfutar da kika aro, kin lanƙwashe kamar yadda kike yanzun nan. Ƙofar ɗaki a buɗe, yana kallonki. Shi da shekara arba'in a kan keke suka tanƙware masa baya har ba ya iya kwanciya rigingine. Ya yafito ni. Na zaci wasiyya ce, na kawo kunnena. Da na ji, na ɗauka zafin ciwo ne, shi ya sa ban isar miki ba. Daga nan bai ƙara yi mini magana ba, sai kalmar shahada. Cewa ya yi:

"Falmata, ki ce wa yarinyar nan ta miƙe bayanta."