Duron Baba Salissou

Baba Salissou mutumin Tasawa ta Nijar ne, ya haura hamsin da biyar lokacin da fari ya cinye masa garke ya taho Legas. Aka ɗauke shi a wata ƙaramar mayanka da ke bayan Agege, inda nake fiɗa. Aikinsa cika duro da ruwa da wanke jini.

Ogammu Hashimu, wani mai baki kamar reza, kullum maganarsa ɗaya: tsofaffi da 'yan Nijar ba sa mai da hankali, ranar da ya kama Baba da kuskure sai kora. Ƙarya yake wallahi! Mu haifaffun Agege mu ne masu yanka nama waya a kunne. Baba kuwa ko tari Oga ya yi sai ya waiwaya. 'Ya'ya shida ya baro a gida, tsoron kora ya sa kafin ka rufe baki ya ruga. Ni ma na sha tsokanarsa, ina ce masa Baba Sauri.

Wata Talata da hantsi wani bajimi ya tsinke igiya, wuyansa rabi a yanke, jini na tsartuwa. Ya tumurmushe tebur, ya watsar da mahauta. Baba na rakuɓe jikin bango, inda ƙaho ba zai kai shi ba. Na ga Baba ya ɗaga ƙafa zai bar wurin, sai na kurma ihu: "Duro! Baba, duro!"

Da Yarbanci na faɗa, wato tsaya. Harshen da ke fara zuwa bakina ke nan in na firgita. Shi kuwa Hausa ya ji. Ya dubi duronsa da ke tsakiyar fili, ya ruga ya janye shi.

Ƙahon ya shige cinyarsa ya ɓullo ta baya. Bajimin ya ɗaga shi sama, ya maka shi da siminti, ya tattake. Na ji ƙarar ƙashi.

Ana ɗaure masa ƙafa da tsumma Oga na cewa, "Ban gaya muku ba? Tsoho ba hankali!" Ban faɗi cewa ihuna ne ya jawo ba, matsoracin banza.

A asibiti suka yanke ƙafar. Da na je dubiya ya kama hannuna, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Zayyanu ɗana, ka shaida wa Oga na ji kiranka tun na farko. Duron bai zube ba ko?"