Shida Aka Kira

Wata Juma'a bayan an gama yankan shinkafa, ina 'yar shekara tara ko goma, Inna ta aza mini farantin gyaɗa a ka, ta damƙe hannuna a bakin zaure. "Tahi fili ki jiyo mini in sun kira sunan yayanki. Kada ki tsaya wasa." Ranar ce ƙungiyar garinmu Kende za ta kara da Kurgu a ƙwallo, wasan farko tun da jirgin ruwa ya kife da mutanenmu bakwai, suna dawowa daga rakiyar 'yan ƙwallo wani gari kusa da iyakar Benin. Yaya Sanda na cikinsu. Shi ke kaɗa musu ganga, duk da Baba ya sha zane shi kan barin korar tsuntsaye a fadama. An tsamo shida an yi musu sutura, shi kuwa kogi bai maido shi ba.

Filin makaranta ya cika maƙil, yara har kan reshen mangwaro. Kafin a fara, wani malamin makaranta ya tsaya tsakiya da takarda, maza suka ɗaga hannuwa. In ya kira suna, sai jama'a su amsa, "Allah ya jiƙansa." Ina bi da yatsu. Da na kai shida sai ya naɗe takardar, aka shafa. Ashe dattawa sun hana, wai wanda ba a ga gawarsa ba ba a sa shi cikin matattu. Na kutsa in yi magana, alƙalin wasa ya busa usur. Ba a jima ba Kende ta ci, fili ya ɗauki ihu, wani yana dukan sabuwar ganga. Babban abokin Yaya ya janyo farantina yana dariya. "Ke, gyaɗar nan ta sayarwa ce ko ta kallo?"

Na tarar da Inna tana surfe. Ta tsayar da taɓarya. "Sun kira?" Na ce, "Sun kira, Inna. Da shi aka fara." Ta yi hamdala, ta ci gaba da daka.

Yau jikokina ba su san filin ba, sai gidan kallo, su dawo su cika mini kunne da yadda Turawa ke tsayuwa shiru don mamatansu. Waɗanda suka ɗaga hannu a ranar kusan duk sun bi shidan nan, Inna ma ta tafi ba ta taɓa sake tambayata ba. Ƙaryar da na yi mata ita kaɗai ce jana'izar da Yaya Sanda ya samu.