Matar da Ta Riƙe Aji Huɗu

A ɗakin malamai Ungulu muke ce mata. Malamin lissafi ne ya raɗa mata sunan, aka kwashe da dariya, ya bi ta. Ni ma na yi dariyar, ba zan wanke kaina ba.

Ta haura arba'in lokacin da na fara saninta. Mijinta tela ne, ɓarin jikinsa ya shanye yana kan keken ɗinki, ya bar ta da ciyar da shi da 'ya'ya mata uku. Tana da takardar shaidar koyarwa tun tana budurwa, sai da tela ya kwanta ta zaro ta daga ƙasan akwati. Ofishin ɗaukar malamai suka ce shekarunta sun wuce. Sai ta yi kwafin takardar, ta sa a ambulan, ta shiga bin makarantun firamare da ƙafa.

Maganarta ɗaya ce a kowane ofis: "Ranka ya daɗe, idan wani malami ya kwanta, ko wata ta tafi hutun haihuwa, ga lambata. Kowane aji ne zan riƙe."

Makarantu goma sha ɗaya take zagayawa. Wani shugaban ya karɓi ambulan ya ɗora kofin shayi a kai, wani ya bar ta kan benci har a tashi. Nan ta samu kwana uku, can mako biyu. A hankali ta gane masu gadi sun fi kowa sanin wanda bai zo aiki ba, don haka sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, kowa lafiya?" Mu mata kuwa mun lura in tana gaishe mu, idonta kan sauka kan cikinmu kafin ya dawo fuska.

Wata Talata malamar aji huɗu ta yanke jiki ta faɗi a gaban allo. Aka ce ƙoda ce. Hedimasta ya buga waya, kafin a gama hutun tara Ungulu ta iso tana haki.

"Ungulu ba ta jewar banza," in ji malamin lissafi. Ta ji shi. Ta karɓi alli da rajista ta wuce.

Wata biyar ta riƙe ajin. A makon farko ta gano goma sha bakwai cikin yara hamsin da biyu ba su iya karatu ba, haddace allo kawai suke yi. Ta rubuta sunayensu, ta riƙa tsare su rabin lokacin tara. Kujeru tara ne a ɗakin malamai, ta mara lafiyar ce kaɗai babu kowa a kai, ita kuwa ba ta taɓa zama a kanta ba. A aji take cin abincinta.

Duk Asabar takan je asibiti da wasiƙun da yaran suka rubuta wa malamarsu. Mu muka ce lissafin kwana take zuwa yi. Maganar ta kai kunnen yayar mara lafiyar, ta tare ta a ƙofar ɗaki a gaban mutane.

"Kin zo ki ga ko aikin ya tabbata? Da sauran numfashinta. Koma ki jira."

Ta ajiye wasiƙun a kan taga ta juya.

Da jikin ya yi tsanani, hedimasta ya ce mata, "Idan ta Allah ta kasance, ajin naki ne."

"Allah dai ya ba ta lafiya, ranka ya daɗe," ta ce. Amma a makon ta sayi sabon takalmi, kuma duk mun gani.

Malamar ta rasu. Bayan kwana huɗu ina ofis ina sa hannu aka kira Ungulu. Akwai wani saurayi zaune yana danna waya, ƙanen matar hedimasta ne, harkar noma ya karanta.

"Ga sabon malamin aji huɗu," in ji hedimasta. "Ki zauna da shi mako ɗaya ki nuna masa yadda ake cika rajista."

"Ranka ya daɗe, kai ka ce..."

"Na ce me? Akwai a rubuce?" Ya gyara tabarau. "Iyaye ma suna ƙorafi. Sun ce tunda kika shigo aka fara mutuwa."

Ta yi makon cif. Ta koya masa rajista, ta nuna masa yarinyar da ba ta ji sosai don ya zaunar da ita gaba, ta damƙa masa takardar yaran nan, tana cewa saura biyar ba su kama ba. Ya ce to, yana kallon wayarsa. Ran Juma'a ta tsaya sallama a ƙofar ɗakin malamai, mutum biyu suka amsa.

Shekarar da ta biyo na samu ciki. Tun yana wata biyar na sami hedimasta na ce ya kira kowa ban da ita, ba na son wata ta zauna tana jiran labarina. Ina wata takwas muka yi kiciɓis a bakin ƙofar makaranta. Ta rame, ambulan na hannunta.

"Allah ya sauke ki lafiya, ƙanwata," ta ce. "Aji biyu kike riƙe, ko? Na iya aji biyu. Ki ɗan sa mini baki."

"Ai an riga an samu wata, yaya."

Ba a samu kowa ba. Haɗe ajina aka yi da na kusa, yara casa'in da ɗoriya a ɗaki ɗaya har wata uku.

Daga nan ta daina zagaye. Maigadi ne ya gaya mana tela ya rasu, ita kuma tana shara da wankin banɗaki a wata makarantar kuɗi, inda ta ɓoye musu cewa tana da takardar koyarwa don kada su ce ta fi ƙarfin aikin. Muka yi maganar zuwa gaisuwa, aka rasa wanda ya san gidan.