Malam Habu da 'yar giyar mota da ta raba shi da gareji

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaure buhunan gyaɗa a bayan mota aka kira ni: Malam Habu bakanike ya rasu.

Sai da na zauna a ƙasa.

Mun dawo daga maƙabarta na buɗe waya, sai ga 'yan tsohon garejinsa suna ta liƙa hotonsa, wai “uban gidanmu ya tafi.”

Ku ji kunya. Ni ina wurin ranar da kuka kore shi.

Shekara uku ke nan, allurar da ke nuna gudun motata fo-wil, mai ja da tayoyi huɗu, ta kwanta, ko ina sheƙa gudu tana kan sifili. Na kai gareji. Mutum biyu suka leƙa suka ce tiransifa ce ta mutu, wato akwatin da ke raba wa tayoyin gaba da na baya ƙarfi, sai dai a sauke ta a sa wata.

Malam Habu yana gefe yana shan fura. Ya ajiye ƙwarya, ya shige ƙarƙashin motar, ya kwance noti ɗaya, ya zaro wata 'yar giyar roba da ba ta kai babban yatsa ba. Haƙoranta sun cinye sumul.

“Lawan, tiransifarka lafiya lau. Wannan ce ta ƙare, ita da 'yar'uwarta ta ciki.”

Ya sauke furofela, sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, ya buɗe bayan akwatin, ya canza duka biyun. Kafin la'asar muka hau titin Ɗanbatta, allura ta miƙe.

Laifinsa ke nan.

Kuka ce yana ɓata muku kasuwa. Washegari na koma in yi godiya, na tarar kuna watsa masa sifanunsa na kwance noti a bakin titi. Dattijo mai furfura yana durƙushe yana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Daga baya kuka bi direbobi kuna cewa idonsa ya mutu.

Ni ma ban tare masa ba a ranar. Taya shi tsinta kawai na yi, kuma abin yana ci na har yau.

Ya koma ƙofar gidansa, gindin darbejiya, gonaki ta ko'ina. Da damina na maƙale da lodin taki a taɓo, ya zo kan babur, ya shiga laka har gwiwa.

Juma'ar da ta wuce na biya ta wajensa. Ƙafarsa ta kumbura, ba ya iya tashi daga tabarma. Na ɗauko zancenku ina zagi, ya katse ni.

“Bari, Lawan. Ka duba man tiransifar nan, tun da ka shawo kwana na ji tana kuka.”

Na duba. Ya kusa ƙafewa.

Yau wanda ya fara cilli da sifanun nan shi ne ya ture mutane don ya kama makara. Darajar gawa ce ta riƙe min baki.

Shi ya yafe muku, na sani. Ni ban kai nan ba tukuna.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya haskaka kabarinsa, Ya tsaya wa iyalinsa. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni kuma ku roƙa min Allah Ya sanyaya min zuciya.