Harafin da ya cire wa Manniru rufin ɗaki

Manniru mai gyaran fanka Bakatsine ne, amma ya yi shekara ashirin a Abuja, kuma ko ruwan leda ka miƙa masa sai ya ɗaga sama ya duba ko an huda. Ba haka aka haife shi ba. Da can yana da ɗaki biyu da shago a gefen Idu. Wata rana wasu mutane masu fara'a suka zo da takarda, suka tambayi sunan kowa da yawan 'ya'yansa, suka ja layi biyu a gicciye da jan fenti a jikin bango. Bayan sati uku katafila ta iso. Ya tsira da iyalinsa da fanka huɗu na mutane, kwanon rufi kuwa ko falle ɗaya bai fitar ba. Ya koma Kurudu ya sake gini, bulo goma yau, biyar gobe, lokacin da cikin gari benaye ke tashi kamar ana shuka su.

To, ana nan sai ga wani dogon saurayi daga ƙasar Kenya, wai shi Thaddeus. Ya share wani kango a ƙarshen layi, ya kafa allo, ya ce zai koya wa yara Turanci kyauta. Kalmar kyautar nan ita ta hana Manniru sakat. Mutum ya hau jirgin sama, ya wuce Maitama da Asokoro, bai ga wurin sauka ba sai Kurudu? Ya gaya wa maƙwabcinsa Ɗanjuma mai shayi cewa ƙidaya aka turo shi, allon nan rufa ido ne. Ɗanjuma ya ce in leƙen asiri ne ma, me za a gano a gidan Manniru ban da matattun fankoki.

'Yarsa Nabilah, mai shekara takwas, ta yi ta kuka har uwarta ta sa baki, ya bari ta je. Amma kullum ta dawo sai ya tsare ta a bakin shago: me ya tambaya, me ya rubuta, ya ɗauki hoto? Ranar da ta ce malam ya rubuta sunanta a babban littafi, Manniru ya ɗaura wa fankar wata mata fiffike a baibai.

Wata ranar Asabar ya dawo daga sayen wayar lantarki a Karu, ya tarar da shi a bangonsa: layi biyu a gicciye, ja wur, fentin ko bushewa bai yi ba. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai tambayi kowa ba. Ya ɗauko tsani da guduma ya haye sama. Wannan karon, ko me za a yi, da kwanonsa zai tafi. Matarsa na ƙasa tana kiran Baban Nabilah, shi yana zare ƙusa.

Ya sauke falle shida kenan Ɗanjuma ya fito yana goge kofi, ya ɗaga kai ya ce, "Oga injiniya, iska ce ba ta ishe ka ba, ga fanka cike da shago?"

Manniru ya nuna masa bango da guduma. Ɗanjuma ya duba, ya ce to shi ma nasa bangon an yi masa, amma nasa ya yi kama da haƙoran zarto. Na gidan Indo mai waina kuwa kamar baushen harbin tsuntsu. Aka kira yara. Ashe malam ne ya raba wa kowa harafi ɗaya ya je ya yi ta rubutawa a gida, a takarda yake nufi, su kuma suka tsinci ragowar gwangwanin fenti a kango. Nabilah ta ɓoye jajayen yatsunta a cikin hijabi.

Layin nan kaf an yi dariya, ban da mai gidan. Ya sauko, ya kankare bangon da wuƙa har sai da bulo ya fito, don kada masu rusau na gaske su wuce su ɗauka abokin aikinsu ne ya riga su. Sannan ya kama hannun 'yarsa suka nufi kango, rabin ɗaki a buɗe ga hadari yana haɗowa.

Thaddeus ya yi ta ba da haƙuri da 'yar Hausarsa, wai yarinya naka ya iya sosai. Manniru ya ce shi ba yabo ya kawo shi ba. Karatu dai ta ci gaba, amma a canza mata harafi, wannan ba na gidan talaka ba ne. Malam ya ɗauki alli ya zana wani mai ƙafa biyu da kwari a tsakiya, ya ce wannan shi ne farkon sunan babanta.

Manniru ya daɗe yana kallon allon. Suna fitowa ya sunkuya wajen kunnen Nabilah.

"Wa ya gaya masa sunana?"